Yadda Za A Zaɓa Wa Yara Ƙanƙarar 'Ya'yan Itatuwa Mai Ƙarancin Sukari A Kantunan Katsina

Da zarar bazara ta kankama a Katsina, daga watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40 da rana tsaka, babu abin da yara ke naci a kai kamar ƙanƙara. An tashi daga boko ita ake nema, an dawo daga Islamiyya ita ake nema, idan kuwa mai keken askirim ya matsa hon a bakin layi, to gidan ba zai lafa ba sai an fito da kuɗi. Mata da dama sun sha tare ni a wajen biki da suna, suna tambayar yadda nake zaɓa wa nawa yaran, domin wasunsu sun gan ni a kanti ina juya leda ina ƙura wa bayanta ido kafin in biya. Amsar ba ta tsaye a bakin ƙofa ba ce, shi ya sa na jera ta a nan mataki bayan mataki.

Idan na ce ƙanƙara, ina nufin duk danginta: mai tsinke da ake sayarwa a kwali, da daskararren yogot na leda, da lemun kwali ko na leda da aka daskarar, har da ƙanƙarar zoɓo da tsamiya da kuka da ake ƙullawa a gidaje. Da gangan na sa duba sanyi da tsabta gaba da lissafin sukari, domin sukari sannu a hankali yake ɓarnarsa, gurɓataccen ruwa kuwa a dare ɗaya yake kwantar da yaro.

1. Ku san iyakar sukarin yaro kafin ku fita

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini, kuma idan an sauke shi ƙasa da kashi 5 ya fi kyau. A 2016 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta sauƙaƙa wa iyaye lissafin, ta ce yaro daga shekara 2 zuwa 18 kada ya wuce giram 25 a yini. Cokalin shayi ɗaya shafaffe, ba mai tozo ba, yana ɗaukar kimanin giram 4, ke nan iyakar yaro ba ta wuce cokali 6 ba daga wayewar gari zuwa barci.

Wannan cokali 6 ba na ƙanƙara kaɗai ba ne. Yaron da ya sha shayi ko koko mai cokali biyu da safe, aka sa masa biskit da lemun kwali a kwandon makaranta, sau da yawa ya cinye rabonsa tun kafin azahar. Saboda haka a gidana na yanke wa ƙanƙara giram 8 zuwa 10, wato cokali biyu zuwa biyu da rabi, kuma ranar da za a sha ta ba a sa lemun kwali a kwando. Wannan adadi nawa ne, kowace uwa tana iya ɗaga shi ko ta sauke shi gwargwadon abin da ɗanta ya saba ci, amma a fita gida da adadi a kai, domin a gaban firiza da yaro yana jan hijabi ba a yanke shawara mai kyau.

Hattara: ƙa'idar Hukumar ta lissafa zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka tace a cikin sukarin da ake taƙaitawa, ta kuma cire wanda ke cikin ɗan itacen da aka ci da tsokarsa da wanda ke cikin madara. Yaron da bai kai shekara 2 ba ba a ba shi abin da aka ƙara wa sukari, wanda bai kai shekara ɗaya ba kuma ba a ba shi zuma ko kaɗan, saboda wata ƙwayar cuta da kan zauna a cikinta wadda hanjin jariri bai iya da ita ba.

2. Kayan da za a riƙe

Waya ta wadatar da abu biyu, kalkuleta da tocila, kuma kyamararta tana ƙara girman rubutun nan mai kama da sawun tururuwa da kamfanoni ke bugawa a bayan leda. Sai ƙaramar kula mai murfi da tawul mai tsabta, musamman idan daga Babbar Kasuwa za a tafi unguwa mai nisa a adaidaita sahu. A kuma bar sayen ƙanƙara ya zama na ƙarshe a cefane.

3. Ku duba firiza kafin ku duba kayan ciki

Kayan daskarewa ana ajiye su ne a digiri 18 ƙasa da sifili, kuma kowa ya san halin wutar lantarki a garin nan. Abin da ake gudu shi ne kayan da suka narke sa'ad da aka ɗauke wuta, suka sake daskarewa da ta dawo, domin sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, barci kawai yake sa su, kuma duk sa'o'in da kayan suka yi a narke dama ce ta hayayyafa. Haɗarin ya fi girma a duk abin da ke da madara ko yogot.

Alamun a bayyane suke ga mai lura. A taɓa ledar daga waje: mai tsinke ya kamata siffarsa ta kasance a miƙe, gefunansa su fito sarai, ba ya kwanta gefe guda ya yi tudu ba. Idan launi ya taru a ƙasa sama ta yi fari fat, ruwa da zaƙi sun rabu ke nan a lokacin narkewa. Kwalin da ya jiƙe ya bushe yakan yi laushi ya kumbura, ledar da ke manne wa hannu kuma ta nuna wata ta fashe a kusa da ita. Manyan ƙwayoyin ƙanƙara masu kama da gishirin dutse a cikin leda su ma shaida ce.

Wata ranar Asabar a wani kanti da ke wajen Ƙofar Ƙaura na ɗaga mai tsinke guda, na ji tsinken ya koma gefe, ruwan ya daskare a kusurwar leda kamar an ƙulla shi. Na ce wa yaron kantin, “Malam, tun yaushe aka ɗauke muku wuta?” Ya ce, “Hajiya, tun jiya da la'asar, amma mun tada janareta da dare.” Na yi masa godiya a kan gaskiyar da ya faɗa, na mayar, ƙaramar 'yata tana ta “Umma, mi ya sa?” har muka fita. Tun daga ranar nake fifita kantunan da suka sa sola, kuma nake ɗaukowa daga can ƙasan firiza, ba daga saman da ake buɗewa kowane minti ba.

Hattara: firizar da aka haɗa ƙanƙarar yara da ɗanyen kifi ko kaza a cikinta, a bar ta gaba ɗaya, ko da an raba su da kwali.

4. Lambar NAFDAC da wa'adi

Duk abincin da aka ƙunshe a masana'anta don sayarwa a Najeriya ya kamata ya ɗauki lambar rajistar NAFDAC, da sunan kamfani da adireshinsa, da lambar rukunin da aka sarrafa shi a ciki, da ranar yi da ranar ƙarewar wa'adi. Ranar yi takan zo bayan haruffan MFD, ta ƙarewa kuma bayan EXP ko BB. Idan an kankare wurin, ko an manna wata takarda a kai, a ajiye.

Mu da ke kusa da iyaka muna ganin kayan da suka shigo ta Jibiya daga Maraɗi da rubutun Faransanci, kuma a jikinsu kalmar sukari ita ce “sucres”. Kayan Amurka su kuma wata suke fara rubutawa kafin rana, saboda haka 03/09 a wurinsu 9 ga Maris ne, ba 3 ga Satumba ba. Kada a ɗauki lambar rajista a matsayin shaidar ƙarancin sukari. Abin da take nufi shi ne an yi wa kayan rajista, sauran binciken yana kan mai saye.

5. Ku karanta jerin kayan haɗi

Nan ne zuciyar aikin. Hoton mangwaro mai raɓa da ke gaban leda aikin mai zane ne, gaskiyar abin da ke ciki tana baya, a ƙarƙashin kalmar “Ingredients”. Ƙa'idar rubuta wannan jeri ita ce a fara da abin da ya fi nauyi a cikin haɗin, a gangara zuwa mafi ƙanƙanta, saboda haka abubuwa uku na farko sun isa su gaya muku kusan komai.

Idan jerin ya fara da ruwa, sai sukari, sai sinadarin tsami, sai filebo, sai kala, to ruwan sukari ne aka rina aka daskarar, ko da an zana gonar abarba gaba ɗaya a jikinsa. Abin da ake nema shi ne wanda sunan ɗan itacen ya zo a farko ko na biyu, kuma ya fi kyau idan an rubuta “puree” ko “pulp”, wato markaɗaɗɗen ɗan itace da tsokarsa, domin shi ne ke riƙe da zare-zaren da ke rage saurin shigar sukari cikin jini kuma ke ƙosar da yaro. Wanda aka yi da tataccen ruwa yana biye masa a daraja. Wasu kamfanoni kan rubuta kashin ɗan itacen a fili, kamar 40% ko 5%, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ita ce tazarar da ke tsakanin miya da ruwan wanke tukunya.

Sai dabarar sunaye. Sukari yana da laƙabi da yawa, kuma idan kamfani ya raba shi gida uku, kowane kashi yakan yi ƙanƙantar da zai sauka ƙasa a jerin, har mai saye ya zaci kaɗan ne. Waɗannan duka sukari ne: “sucrose”, “glucose syrup”, “fructose”, “dextrose”, “maltose”, “invert sugar”, “corn syrup”, “honey”. Hanya mai sauƙi ta tunawa ita ce, yawancin kalmomin da suka ƙare da “ose” da duk wadda ke ɗauke da “syrup” a ƙirga su da sukari. Idan biyu ko uku daga cikinsu suka haɗu a leda ɗaya, nakan mayar da ita tun kafin in kai ga lissafi.

Akwai kuma “fruit juice concentrate”, wato ruwan ɗan itace da aka ƙafe har ya yi kauri. Sau da yawa na tuffa ne ko na inabi, kuma ana zuba shi ne don zaƙi, ko da a ƙanƙarar da aka ce ta mangwaro ce. Sunansa yana da daɗin ji, amma ga haƙori da jini ba shi da bambanci da sukarin kofi, kuma ƙa'idar 2015 ta ambace shi da suna a cikin abin da ake taƙaitawa.

Hattara: kalmar “flavoured” tana nufin an ba shi ɗanɗanon abin ne kawai, kuma yana yiwuwa ko ɓawon ɗan itacen bai shiga ciki ba. Haka nan idan yaro yana da abin da jikinsa ba ya karɓa, kamar madara ko gyaɗa ko waken soya, a wannan jerin ake dubawa, tare da layin gargaɗin da kan biyo bayansa.

6. Ku mayar da giram ya koma cokali

Bayan jerin kayan haɗi akwai jadawalin abin da ke ciki. A nemi layin “Sugars”, wanda yakan zauna a ƙarƙashin “Carbohydrate”, sannan a duba kan jadawalin don a san adadin na giram ko mililita 100 ne, ko na guda ɗaya. Mafi yawan kuskure a nan yake faruwa, domin mutum yakan ga lamba ƙarama ya yi murna, bai lura ledar da ke hannunsa ta fi ma'aunin girma ba.

Lissafin kansa gajere ne. A ninka sukarin kowane 100 da girman ledar, a raba da 100, abin da ya fito a sake raba shi da 4, sai ya ba da yawan cokali. A ɗauka akwai mai tsinke mai mililita 70 da aka rubuta masa giram 18 a kowace mililita 100: 18 sau 70 a raba da 100 ya ba da giram 12.6, wato cokali 3 da ɗoriya. A ɗauka kuma akwai ta leda mai mililita 150 da aka rubuta mata giram 12 kawai. A ido ta biyun ta fi sauƙi, amma 12 sau 150 a raba da 100 ya ba da giram 18, cokali 4 da rabi, kusan kashi uku cikin huɗu na rabon yaro na yini. Tun da yaro ba ya shan rabin leda ya mayar, adadin guda ɗaya shi ne abin dubawa, kuma a mafi yawan lokuta ƙaramin girma ya fi kowane alkawarin da ke gaban kwali amfani.

Don kwatanta kaya biyu masu girma ɗaya, ma'aunin da kantunan Ingila ke amfani da shi yana taimakawa: a abinci, giram 5 ko ƙasa a kowane giram 100 kaɗan ne, abin da ya haura giram 22.5 kuma ya yi yawa. Ƙanƙarar 'ya'yan itace ta gaske da wuya ta sauka giram 5, domin mangwaro da kansa yana da kimanin giram 14 a kowane 100, kankana kuma kimanin giram 6. Saboda haka kada a tsorata da giram 10 ko 12 idan jerin kayan haɗi ya nuna daga ɗan itacen suka fito ba tare da ƙari ba.

A daskararren yogot akwai ragi da za a yi. Madara tana zuwa da sukarinta na asali, kusan giram 5 a kowane 100, wanda ba a ƙirga shi a iyakar nan. Idan an rubuta giram 14, to kimanin 9 ne aka ƙara. Wasu kaya, musamman na Amurka, suna ware layin “Added Sugars”, wanda ya hutar da mai saye daga wannan ragi.

Idan babu layin sukari, a yi amfani da na “Carbohydrate”, domin a ƙanƙarar da ba ta da madara kusan dukkansa sukari ne. Idan shi ma babu sai adadin kalori, a raba kalorin da 4: kalori 60 a irin wannan ƙanƙara kusan giram 15 ne.

Hattara: a duba ko “serving” ɗin da aka rubuta, wato gwargwadon shan mutum ɗaya, ya yi daidai da ledar. Akan samu roba guda da aka lissafa a matsayin shan mutum biyu, alhali yaro ɗaya ne zai tashi da ita.

7. Kalaman gaban kwali da sinadaran zaƙi

“No added sugar” yana nufin ba a zuba sukari ba, amma ba ya nufin babu sukarin 'ya'yan itace a ciki, saboda haka sai an koma jadawali. “Natural” da “with vitamin C” ba su ce komai a kan sukari ba. “Sugar free” kuwa kusan kullum yana nufin an musanya sukari da sinadarin zaƙi, irin su “aspartame”, “sucralose”, “acesulfame K” da sakarin da muka sani tun da.

Hukumomin abinci sun halatta waɗannan a gwargwadon da aka ƙayyade, amma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da su don rage ƙiba. Damuwata da su ta daban ce: sun ninka sukari zaƙi sau ɗaruruwa, kuma yaron da harshensa ya saba da irin wannan zaƙi zai ɗanɗana gwanda ya ce salam take. Idan burin shi ne a saukar da son zaƙin yaro, to musanya sukari da su gudun gara ne a faɗa zago. Tsakanin ƙaramar ƙanƙara mai cokali biyu na sukari da babba mai sinadarin zaƙi, ta farkon nake ɗauka. Yaro mai ciwon sukari hukuncinsa daban ne, kuma likitansa ne zai yanke shi.

Hattara: “sorbitol” da “maltitol”, waɗanda su ma sinadaran zaƙi ne, suna sa kumburin ciki da zawo idan an sha da yawa, kuma cikin yaro ya fi saurin kamuwa. Ƙanƙarar nan mai ruwa-ruwa da ake tatsowa daga inji a kofi akan sa mata “glycerol” don kada ta daskare tamau, kuma hukumar abinci ta Ingila ta yi gargaɗi kada a ba ƙananan yara ita, bayan an samu waɗanda sukarin jininsu ya faɗi har suka sume.

8. Kala da sauran ƙananan haɗi

Ja mai ƙyalli da shuɗin da babu ɗan itacen da ke da irinsa su ne ke jan idon yaro, kuma sau da yawa kyan ɗan maciji ne. Bayan wani bincike da aka yi a Jami'ar Sawutamton ta Ingila a 2007, Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a kan abincin da ke ɗauke da wasu kaloli shida, cewa suna iya shafar natsuwar yara. Lambobinsu su ne E102, E104, E110, E122, E124 da E129, kuma akan rubuta wasunsu da suna, kamar “tartrazine” da “sunset yellow”. Ba haramta su aka yi ba, amma idan ga wadda aka rina da karas ko gwoza ja ko kurkur a gefe, babu dalilin ɗaukar mai lamba. Gwajin gida mai sauƙi shi ne harshen yaro: idan an sha da la'asar har magariba yana ja wur, an san abin da aka saya.

A matsayinmu na Musulmi a kuma duba “gelatin”, wanda akan samo daga fata da ƙashin dabba, alade a ciki, musamman a kayan da aka shigo da su. Idan babu tambarin halal kuma ba a faɗi tushensa ba, a bar shi. “Pectin” da “guar gum” daga tsirrai suke.

9. Ƙanƙarar unguwa marar rubutu

Gaskiya ita ce yawancin ƙanƙarar da yaran Katsina da Daura ke sha ba ta kanti ba ce, ta maƙwabciya ce mai firiza, kuma ba na cikin masu raina ta. Ƙanƙarar kuka ko tsamiya ko zoɓo da aka yi da hannu mai tsabta takan fi ta kwali mai tsada kusanci da abin da ya fito daga itace, kuma garin kuka yana da sinadarin bitamin C mai yawa. Matsalar ita ce babu jadawalin da za a karanta, sai tambaya da ido.

Tambaya ta farko ta ruwa ce: na famfo ne, na rijiya, na 'yan garuwa, ko fiyawata, kuma an tafasa shi? Ƙwayoyin kwalara da taifot suna rayuwa a cikin ƙanƙara, kuma ba mu manta da 2021 ba, shekarar da kwalara ta yaɗu a jihohin Arewa har da tamu. Zoɓo yana da fifiko a nan domin dafa shi ake yi, da sharaɗin ba a tsinka shi da ɗanyen ruwa bayan ya huce ba. Kuka da aya kuwa jiƙa su ake yi, saboda haka lafiyarsu lafiyar ruwan ce kacokan. A lura kuma da yadda ake buɗe leda, domin mai hura ta da baki kafin ta zuba ta gama ba da amsa.

Tambaya ta biyu ta zaƙi ce. Ana iya cewa cikin ladabi, “Maman yara, don Allah sukari kike sawa ko har da sakarin?” Zaƙin da ya daɗe a maƙogwaro yana barin ɗaci-ɗaci alamar sinadari ne. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce yin oda: na ba wata maƙwabciyata kuɗin guda ashirin a dunƙule, na roƙe ta ta raba sukarin biyu, ta bar kala da filebo, ta ƙulla a ƙananan ledoji. Ita ta samu ciniki tabbatacce, ni na samu abin da na san cikinsa. Kwana biyu yaran suka yi suna ƙorafin tsami, daga nan suka manta.

10. Lissafin kuɗi

Farashi a yanzu ba ya kwana biyu wuri ɗaya, saboda haka hanyar lissafi ta fi lamba amfani. A raba kuɗin kwali da yawan abin da ke ciki. A ce kwali mai guda 6 naira 4,800 ne, kowane guda ya tashi naira 800. A ce wani mai ƙanana 10 naira 6,000 ne, kowane ya tashi naira 600. Na biyun ya fi tsada a kanti, amma ya fi araha a kan kowane yaro, kuma ƙanƙantarsa ta rage sukari a lokaci guda. Sannan a auna da kashin ɗan itace: biyan naira 800 a kan abin da ke da kashi 5 biyan kuɗin ruwa da kwali ne.

Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce, domin kayan waje kuɗin jigila da canjin dala ne suka ɗaga su, kuma doguwar tafiyar da suka yi ta ƙara yiwuwar sun narke a hanya. A lokacin mangwaro kuma, kuɗin kwali ɗaya zai sayi kwanon mangwaro da kankana guda, waɗanda idan an yayyanka an daskarar a roba za su yi sati ana ci.

Hattara: kada a sayi kwali babba idan firizar gida ba ta samun wuta a kai a kai. Gara a sayi na shan ranar.

11. Kawowa gida da miƙa wa yaro

A naɗe kayan a tawul, a sa a kula, a wuce gida kai tsaye, a tura su can ƙuryar firiza nesa da murfi. Abin da ya narke har ya zama ruwa, idan mai madara ne a zubar, kada a sake daskarar da shi. A wanke bayan leda da ruwa mai tsabta kafin a miƙa, a yanka bakinta da almakashi, domin yaran da ke yaga ta da haƙori suna haɗiye duk dattin hannayen da suka taɓa ta tun daga masana'anta.

Lokacin bayarwa yana da tasiri a kan haƙori. Yawan lokutan da sukari ke taɓa haƙori a yini yana da hannu babba wajen kawo kogo, kuma ƙanƙara tsotsa ake yi, takan daɗe a baki tare da tsamin da ke laushin fatar haƙori. A bayar da ita bayan abincin rana, guda ɗaya, a bi ta da kurɓin ruwa, a jira kamar rabin sa'a kafin a yi burushi ko asuwaki, kuma kada a bayar da ita dab da barci. Kada a ce haƙoran farko ne za a yi famfara su zube, domin su ne ke riƙe wa na dindindin gurbi. Ƙaramin yaro kuma ya sha a zaune, babba yana kallonsa, a karɓe tsinken da zarar ya gama.

A gidana ranakun ƙanƙara Talata ce da Juma'a, kuma babban ɗana, mai shekara 9, shi ke riƙe kalkuleta a kanti yanzu. Makon jiya ya juya wata leda mai hoton abarba, ya danna lambobinsa, ya ɗago kai ya ce, “Umma, wannan cokali biyar ne,” ya mayar da ita firiza, ya ci gaba da laluben ta ƙasa.